Ƙaura Hasau, Ƙaisar, da Tambayar Ko Nasara Hujja Ce

Sau biyar soja suka karɓe mulki a Nijar tun bayan samun 'yancin kai: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Mu a Gidan Sori labarin kan iske mu bayan an riga an gama, da can ta rediyo, yanzu ta salula, kuma abin da dattawanmu ke cewa bai taɓa sakewa ba. Wani zai gyara zama bisa tabarma ya ce, “To, Allah yab ba shi.” Sauran su amsa, “Ƙwarai kuwa.” Wanda aka tumɓuke ɗin ma, ranar da ya hau, abin da aka ce ke nan.

Ba na ɗaukar wannan a matsayin munafunci. Na san mutanen, da yawansu sun fi ni tsoron Allah nesa ba kusa ba, kuma maganarsu tana da madogara, domin aya ta 26 ta suratu Ali Imrana ta mayar da bayar da mulki da karɓe shi ga Allah shi kaɗai. Abin da ke damuna wata magana ce ta biyu da ke laɓe bayan ta farko. Ba a furta ta, amma kowa na jin ta: tun da Allah ya ba shi, ashe shi ke da gaskiya, wanda ya faɗi kuwa da ma akwai abin da ya shuka. A nan nake tirjewa.

Ba zan taɓa masu rai ba. Shekarun da na yi ina koyar da tarihi a kwaleji sun nuna mini matattu sun fi haƙuri da mai alƙalami. Namu matattun kuwa ba nisa gare su, ɗan kabu-kabu ma ya kai ka Tsibiri ko Maraɗi ka dawo ka ci tuwon dare a gida.

Wajen 1807 mutanen Shehu suka ci birnin Katsina. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Ɗankama, da aka ci shi a can sai ya faɗa rijiya. Ragowar jama'arsa suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi gabas ƙasar Damagaram, suka yi shekaru suna zaman baƙunta. Wajen 1819 Aznan gulbin Maraɗi suka tayar wa wakilin Fulani suka kashe shi, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya zauna. Daga ranar aka samu mutum biyu kowa na amsa sunan Sarkin Katsina, ɗaya a birni da tutar Shehu, ɗaya a Maraɗi da jinin Korau. Na birni na kiran na Maraɗi ɗan tawaye, na Maraɗi na kiran na birni ɗan ƙwace. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Gazawa a Janairun 1851. Ya iske Gazawa cikin shinge tana zaman ɗar-ɗar, tsakaninta da Katsina kuwa daji ne ba kowa, har ya bi ta kufan Ɗankama. Dajin nan da can garuruwa ne da gonaki. Gardamar wane ne Sarkin Katsina na gaskiya ce ta cinye su.

A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Sarkin Katsina Rauda ya faɗi. Gobirawan da suka tsira su ne suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi, mu kuma a inuwar Tsibiri muka tashi.

Malamin da na karanta Risala a gabansa a zaure, Allah ya jiƙansa, Bagobiri ne gaba da baya har da tsagen fuska, amma zuciyarsa na wajen Shehu, kamar yawancin malamanmu. A wurinsa Gawakuke hukunci ne da ya sauko daga sama. Wata rana na ce masa, “Allah gafarta Malam, to ranar Tsuntsuwa fa?” Domin a ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa ne suka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna. Littattafan Sakkwato da kansu sun ce an rasa wajen mutum 2000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Shekara ta zagayo aka sake shan irinta a Alwasa.

Malam ya ce, “Wannan jarrabawa ce, ɗana, kamar Uhudu. Ƙarshe aka dubi.”

Na ce, “To Malam, ina ƙarshen yake? In 1808 ne, da Alƙalawa ta faɗi aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, na ji. In kuwa 1903 ne, da Ingilishi suka shiga Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, ashe Gwamna Lugga ke da gaskiya ke nan?”

Ya dube ni, ya ce in buɗe inda muka tsaya jiya.

Ban faɗa don in ɗaga Yunfa ba. Ni ma wajen Shehu na fi karkata, amma dalilina abin da ya rubuta ne da abin da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da shi: harajin da shari'a ba ta sani ba, ƙwacen dukiyar talaka, shari'ar da mai kuɗi ke saye. Waɗannan dalilai, ko da jama'arsa ta ƙare a Tabkin Kwatto tun 1804, suna nan daram. Wanda ya ce nasarar Shehu ce hujjarsa ya rage masa daraja, don ya ɗora gaskiyarsa bisa abin da ke juyawa daga damina zuwa rani.

Rumawa sun riga mu faɗawa wannan ruɗani, nasu kuma ya fi namu jini. Daga 235 zuwa 284 mutum sama da 20 suka hau gadon Ƙaisar, kusan dukansu takobi ya sauke su, sau da yawa na sojansu. Diyokletiyan ya ga abin ya wuce gona da iri, a 293 ya raba mulkin tsakanin mutum huɗu, manya biyu da mataimaka biyu, don kowane janar mai buri ya san ranar da layi zai zo kansa. A 305 shi da kansa ya sauka ya koma lambu. Tsarin bai cika shekara biyu a bayansa ba. A 306 sojan da ke York, cikin Ingila ta yau, suka ɗaga Kustantin suka ce shi ne sarki, a birnin Rum kuma Maksentiyus ya yi irin haka. Bisa tsarin Diyokletiyan ba wanda layi ya zo kansa a cikinsu. A 312 suka gamu a gadar Milbiyan, bakin birnin Rum. Maksentiyus, wanda ɗan'uwan matar Kustantin ne, ya nutse a kogin Tiber, aka tsamo gawar aka sare kan aka zaga gari da shi bisa mashi. Kustantin ya ce Ubangijin Kiristoci ne ya nuna masa alama kafin yaƙin. Majalisar Rum ta gina masa ƙofar tunawa wadda har yau tana tsaye, aka sassaƙa a jikinta cewa ya ceci ƙasa daga hannun azzalumi. Da shi ruwan ya ci, suna kaɗai masassaƙin zai canza. Zaɓaɓɓen nan kuwa ya ci gaba: a 325 ya sa aka kashe Lisiniyus, mijin 'yar'uwarsa, bayan an ba shi amana, a 326 ya kashe babban ɗansa Kirispus.

A 394 sarki Tiyodosiyus ya gamu da Yujiniyus a bakin kogin Firigidus. Yujiniyus malamin balaga ne da janar Arbogas ya ɗora bisa gado. Rana ta biyu iska mai ƙarfi ta taso tana bugun fuskar mutanen Arbogas, aka ci su, limaman coci suka ce mu'ujiza ce. Bayan shekara 16, a 410, Alarik, wanda ya yi wannan yaƙin a ɓangaren Tiyodosiyus, ya shiga birnin Rum ya yi kwana uku yana wasoso. Nan take masu bautar gumaka suka juya hujjar: ga shi nan, kun bar allolin kakanni, su ma sun bar ku. Me Kirista zai ce? Shi ya fara cin riba da wannan ma'auni.

Wanda ya fitar da su daga ramin ɗan Afirka ne, Agustin, limamin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya. Ya yi shekara 13 yana rubuta littafinsa Birnin Allah, kuma matsayarsa ita ce Allah na ba da mulkin duniya ga na kirki da mugu baki ɗaya. Ya ba Kustantin, ya kuma ba Juliyan da ya fita daga Kiristanci, don kada wani ya ɗauki gadon sarauta a matsayin ladan imani. Addininmu ba ɗaya ba, amma a wannan gaɓar malaman tauhidinmu ba za su yi masa musu ba. Su ma sun raba abin da Allah ya nufa ya auku da abin da ya yi umarni da shi ya kuma yarda da shi. Ba abin da ke faruwa sai da nufinsa, har sata da kisan kai, amma ba wanda ke ce wa ɓarawo Allah ya ba shi akuyar. Sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim, wanda masu tafsiri ke kira Namarudu, aya ta 258 ta Baƙara ta faɗa ƙarara cewa Allah ne ya ba shi mulkin. Bayarwa ta tabbata, kuma ita ce ma ta sa shi girman kai.

Akwai Ƙaisar ɗaya da kowane almajiri ya sani, Hiraƙal na farkon Bukhari, wanda ya titsiye Abu Sufyan da tambayoyi. Abin da ba a faɗa mana a zaure shi ne yadda ya hau. A 602 sojan bakin kogin Danub suka yi bore suka ɗora wani ƙaramin hafsa, Fokas. Aka yanka 'ya'yan sarki Moris a gaban idonsa, sannan aka bi da shi. A 610 Hiraƙal ya taso da jiragen ruwa daga Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, inda ubansa ke gwamna, ya kama Fokas ya sa aka kashe. Juyin mulki ne ya kawar da juyin mulki. Kisan Moris kuwa shi ya ba Kisra na Farisa dalilin buɗe yaƙin da ya ci Sham, ya ci Ƙudus a 614, ya ci Masar, yaƙin da farkon suratur Rum ke maganarsa. To wannan mutum, da ya san yadda ake samun gado ciki da bai, ya tambaya ko a kakannin Manzon Allah (SAW) an yi sarki, ya kuma bayyana cewa da an yi, da sai ya ɗauke shi mai neman gadon gidansu. Ya tambayi yaƙi, Abu Sufyan ya ce yau a ci su gobe su ci. Amma dubi inda nauyin tambayoyin yake. Kun taɓa kama shi da ƙarya? Yana cin amana? Su wa ke bin sa, manya ko raunana? Me yake umarni da shi? Mutumin da takobi ya ɗora bai auna annabci da takobi ba. Gaskiya ne ya ce manzanni akan jarraba su sannan ƙarshe ya zama nasu, kuma daga nan malamina ya ɗebo amsarsa. Sai dai manzanni aka yi wa wannan alkawari. Ban ga inda aka yi wa Ƙaura ko kanar irinsa ba.

To in haka ne, don me malaman fiƙihu suka ce a bi wanda ya yi rinjaye da ƙarfi? Sun faɗa kuwa, ba a ɓoye yake ba. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya zauna Bagadaza lokacin da sarakunan soja na Buwaihi ke juya halifa yadda suka so. Ya buɗe babi a kan amirin da ya ƙwaci yanki da ƙarfi, ya ce halifa ya tabbatar da shi don hukunce-hukunce su ci gaba da inganta. Gazali ya fi shi fitowa fili. Ya ce in aka yanke cewa babu shugaba halattacce, to alƙalai sun sauka ke nan, aurarraki sun ɓaci, don haka a karɓi abin da ke akwai kamar yadda mai jin yunwar mutuwa ke cin mushe. Ibn Jama'a, a Masar ta zamanin Mamluk, ya kai maganar bango: in wani ya zo ya kayar da na farko, biyayya ta koma gare shi. Daga irin nan ne “bin na gaba bin Allah” ta samu rawanin malanta.

Na fahimci tsoronsu, kuma duk ɗan ƙauye zai fahimta. Fitina a fada take farawa, amma a rumbu take ƙarewa. Kakata ta wajen uwa, abin da ta ji daga bakin uwarta, takan ce a zamanin hari a rami ake binne gero, in aka hango ƙura kuma sai a kwashi yara a faɗa kurmin gulbi. Na ce, “Kaka, ƙurar su wa?” Ta ce, “Kai yaro, wa ke tsayawa tambaya? Na Tsibiri da na Maraɗi da na Sakkwato duk gero ɗaya dawakinsu ka ci.” Wanda ya taso da irin wannan labari, in ya ji an ce an gama a Yamai ba a taɓa kowa ba, ajiyar zuciya zai yi, kuma ban ga laifinsa ba.

Amma Gazali bai ce a yi wa mushe kirari ba. Hukuncin kuma na da wani rami da masu shi ba su iya cikewa ba. In duk wanda ya kayar ya zama halattacce, ka sanar da kowane mai doki ke nan cewa tsakaninsa da halacci kayarwa ce kaɗai ta rage. Shehu ya hango haka. A Kitabul Farƙ ya lissafa hawa mulki ta gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba cikin halayen da ya zarga. Ba a cika shekara ɗari ba, jikokin masu tuta suka yi basasar Kano, 1893 zuwa 1895, Tukur da Yusufawa, kowa da limamansa da ayoyinsa. Tukur ne Sakkwato ta naɗa, shi aka kashe a Tafashiya, Sakkwato kuma ta amince da Alu na Yusufawa da ya yi rinjaye.

Namu gidan bai tsira ba. Ɗan Baskore ya riƙe Maraɗi sama da shekara 20, har zuwa 1875, dawakinsa na kai hari can cikin ƙasashen da ke bin Sakkwato. Ƙa'idar fada ita ce manya huɗu, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, su ke zaɓen sarki cikin 'ya'yan sarauta, kamar yadda Taran Gobir ke yi a Tsibiri. Muddin huɗun na da nauyi kusan ɗaya, ƙa'idar na aiki. Bayan rasuwar Ɗan Baskore, a 'yan shekarun da suka rage kafin zuwan Nasara, sai ga Barmu, ga Mazawaje, ga Malam, ga Masallaci, ga Ɗan Kaka, ga Ɗan Dadi, ga Mijinyawa, ga Kure. Ɗalibaina kan yi kuka da haddace su, ni kuwa nakan ce su gode wa Allah, haddacewa kaɗai aka ce su yi, waɗansu gaisuwar sabon sarki suka yi ta biya. A ƙarshe ikon ya taru hannun Ƙaura Hasau, shugaban mayaƙa. Gadon ba ya hawuwa gare shi, don ba ɗan sarki ba ne, sai ya zama mai ɗorawa da saukewa. Mijinyawa da suka saɓa, a Tasawa ya ƙare, gidan Katsina da ya riga ya rabu biyu ya sake rabewa.

Rumawan yamma sun yi nasu Ƙauran, sunansa Risimer. Shi ma gadon ba ya hawuwa gare shi, don jinin ƙabilun arewa ne. Daga 456 zuwa 472 shi ke da wuƙa da nama. Ya tuɓe Abitus. Ya kashe Majoriyan a 461, wanda shi ne sarki na ƙarshe da ya tashi haiƙan don ƙwato ƙasashen da suka suɓuce. Ya ɗora Seberus. Ya auri 'yar Antemiyus, sannan ya yi wa surukin nasa ƙawanya a cikin birnin Rum har aka kashe shi. Shekara huɗu bayan mutuwar Risimer, a 476, janar Odowakar ya ga ɗora wani ma ɓata lokaci ne, ya sallami yaron da ke bisa gado, aka aika kayan sarautar Kustantiniya. Ba na cewa Hasau da Risimer halinsu ɗaya. A Maraɗi har yau jarumi ake ɗaukar Hasau, kuma jarumin ne. Kamar a tsarin take: wanda aka ba takobi don tsaron iyaka ya gano cewa fada ta fi iyaka kusa, ta kuma fi ta riba.

In rigimar gado ta kai nan, ba ta san addini ba, ba ta san dangi ba. Siddiku, ɗan Umarun Dallaje mai tutar Shehu, da Sakkwato ta tuɓe shi daga sarautar Katsina a 1844, daga baya da Maraɗawa ya haɗa kai don ya ƙwato gadonsa, bai samu ba. Ɗan Halima, ɗan sarautar Gobir, da suka ɓata da Tsibiri, Sakkwato ya jingina da ita ya kafa Sabon Birni. A Rum, janar Ayetiyus, wanda tarihi ke yabo don ya tare Attila a 451, shi ne a 425 ya jawo rundunar Hun cikin Italiya don taya wani mai neman gado. A Mursa kuwa, 351, Rumawa da Rumawa suka kashe juna dubbai kan ko Kustantiyus ko Magnentiyus, alhali iyakar kogin Rayin na buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Faransawa da suka iso a tsage suka iske namu.

Wuri ɗaya na sani inda kayarwa ke zama hujja, shi ne filin kokawa. Tun 1975 da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, sarautar fili ta wanda ya kayar ce. Amma dubi abin da ya riƙe ta. An yarda da fili tun kafin a shiga, alƙali ba ya cikin masu kokawa, wanda ya faɗi yakan tashi ya kakkaɓe ƙasa ya tafi gida, baɗi kuma a koma fili da sabon takobi kowa ya sake gwadawa. In ka cire waɗannan, abin da ya rage sunansa fashi.

Wani ɗan ƙwace irin na Rumawa sak ya mutu a ƙasarmu, kuma Bature ne. A 1899 Kyaftin Voulet da abokinsa Chanoine suka ratso daga yamma suna ƙone garuruwa, Birnin Ƙonni na cikin waɗanda suka fi shan azaba. Faransa ta aiko Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe shi, ya cire galansa, ya shaida wa mutanensa cewa ya bar Faransa, daularsa zai kafa. Daular ba ta yi mako ba. Sojansa suka juya, suka harbe Chanoine ranar 16, shi kuma ranar 17, ƙaburburansu na Maijirgi a ƙasar Tasawa. A nan mai son hujjar nasara zai ce ka gani, Allah ba ya barin azzalumi. To sai dai rundunar ba ta watse ba. Sauran hafsoshin suka ja ta suka ci Damagaram kafin watan ya fita. Faransa ta ce haukan zafin rana ne ya kama mutanenta biyu, ta wanke hannu daga gare su, ta riƙe ƙasar da aka ci shekara 60.

Ni dai inda na tsaya, biyayya daban, shaida daban. Talaka na iya biyan haraji, ya ƙi ɗaukar makami, ya kare rumbunsa da 'ya'yansa, wannan larura ce kuma malamai sun ba shi ita. Abin da larura ba ta ba kowa ba shi ne ya tsaya ya shaida cewa ƙwace ba ƙwace ba ne. Tsoho bisa tabarma ina yi masa uzuri. Malamin da ke riƙe da lasifika, wanda ya san Baƙara 258 kamar sunansa, yake karanta rabin magana a gaban wanda ya hau ya haɗiye rabin, shi ban samar masa uzuri ba.

Mu Malikawa ba mu da nisan nema. A 762 Muhammadu Nafsuz Zakiyya ya tayar wa halifa Mansur a Madina. Mutane suka zo wurin Imamu Malik suka ce akwai mubaya'ar Mansur a wuyansu, ya ce tilasta musu aka yi, kuma rantsuwar wanda aka tilasta ba ta ɗaure shi. Shi kansa bai ɗauki takobi ba, gidansa ya zauna. Aka murƙushe tawayen. Gwamnan Madina, Ja'afar ɗan Sulaiman, ɗan baffan halifa, ya hana shi karantar da cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, don kowa ya san inda mas'alar ta dosa. Malik ya ci gaba da karantarwa. Aka yi masa bulala, aka ja hannunsa har kafaɗar ta goce. Daga baya Mansur ya zo aikin hajji ya ba shi haƙuri, har ya nemi a ɗora wa dukan garuruwan Musulmi littafinsa su bi shi dole. Malik ya ƙi, ya ce sahabbai sun warwatsu cikin ƙasashe, kowane gari kuma na riƙe da abin da ya iso masa daga gare su.